Yadda zaka adana babban kifin da ka kama ka kafe shi a bango, naman kuma ya shiga tukunya

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masunci ne a ƙasar Yauri, kuma har ya koma ga Allah akwai labari ɗaya da baya gajiya da bamu, na wani giwan ruwa da ya kama tun muna ƙanana, wanda sai da mutum uku suka kama masa kafin a fito dashi daga kwalekwale. An sayar, an ci, shikenan. Ko ɓawo ɗaya bai rage ba, hoto kuwa lokacin wa yake da abin ɗauka a bakin ruwa. Yau in ina ba yarana labarin sai suce Baba tsawonsa ya kai ina, ni kuma sai dai in ware hannuwa. Abin nan yana min ciwo har yanzu, kuma shi yasa na dage na koyi adana kifi, na ɓata karfasa da yawa kafin hannuna ya faɗa.

Abin da mutane suka fi tambayata shine, to ba asarar nama bane? A'a wallahi. Fata da kai da fukafukai kawai ake buƙata, tsokar duk taka ce, ka kai gida ayi miya ko a soya. Sharaɗi ɗaya ne, ka raba naman da fatar tun kafin wani kemikal ya matso kusa, kuma wuƙa da robar da suka taɓa kemikal kada su ƙara komawa kicin.

Rabin aikin nan a bakin ruwa yake ƙarewa. Kifi yana fitowa kalarsa take fara mutuwa, cikin 'yan mintuna wannan sheƙin da ya burge ka ya dushe, don haka kafin ka kira kowa yazo ya gani ka ciro waya ka ɗauki hoto da yawa, ɓangaren dama da hagu, ta sama, kai daga kusa, ido daga kusa sosai, wutsiya, da fukafukan a buɗe. A hasken rana amma a inuwa, don in rana ta doki jiƙaƙƙen ɓawo fari fat kawai zaka gani a hoton. Waɗannan hotunan su zaka kalla bayan wata ɗaya ko biyu in kazo fenti, lokacin da fatar ta koma kalar busasshen ganye. Sannan ka auna da tef ɗin tela, tsawo daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, kauri a bayan kai, kauri a tsakiyar ciki, kauri a gindin wutsiya, in akwai sikeli ka ɗora, ka rubuta duka a waya.

Kada ka bari yayi ta birgima a ƙasan kwalekwale ko kan tsakuwa, nan ɓawo yake zubewa fukafukai su yage. Kada ka zura masa igiya ta ƙaumi, kada ka farke cikinsa kamar yadda muka saba. Duba ɓangarorin biyu ka zaɓi wanda yafi kyau, wanda raga ko ƙugiya basu ji masa ciwo ba, shine fuskar da mutane zasu gani, daga yanzu kullum ita ce a sama. Ka kwantar da fukafukan a jikinsa, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul ko tsohon zani, kasa a leda babba, ka shimfiɗa shi a miƙe cikin kula mai ƙanƙara. Banda jarida don Allah, tana shanye damshin fata kuma tawadarta tana kamawa. In kana da firiza da wutar da ka yarda da ita zai iya yin makonni a daskare, amma a yanayin da wuta take zuwa ta tafi, kifi ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa, fatar lalacewa take, gara ka tsara kayi fiɗa a ranar ko washegari da sassafe.

Ba kowane kifi yake karɓar wannan aiki ba. Mai ɓawo mai ƙarfi shi yafi sauƙi, karfasa, bargi, giwan ruwa, tsage. Tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu kuwa basu da ɓawo, fatarsu ga maiƙo ga laushi, in ta bushe yamutsewa take kamar tsohuwar jaka, waɗannan akwai wata hanyar da zan kawo a ƙasa. Kuma ina roƙonka kada ka fara da babban kifin da kake ji dashi. Je kasuwa ka sayi karfasa uku ko huɗu masu girman tafin hannu biyu ka koya a kansu.

Kayan aiki ba wasu masu tsada bane. Ƙaramar wuƙa mai kaifi ko reza, wata wuƙar mai dakushi, almakashi mai ƙarfi, tsohon cokali, kwali, allura da zaren kamun kifi, fil, farin gam na kafintoci, samfefa, fenti na ruwa irin na masu zane, banish, sai boraks. Boraks ɗin farin gari ne kamar gishiri, masu sayar da kemikal na haɗa sabulu suna dashi, maƙeran zinariya da masu walda ma suna aiki dashi, shi yake hana ruɓewa ya kuma hana ƙwari ci. Wasu suna cewa ai gishiri ma ya isa, to gishiri yana riƙe fata na ɗan lokaci amma yana jan damshi, damina na sauka zaka ga kifinka yana gumi a bango yana fumfuna, na gani da idona. Ka samu alif ɗin nan da ake tace ruwa dashi, yana cire yauƙi sosai, in ka jiƙa shi ka wanke kifin zai daina suɓuce maka.

Kafin ka yanka, kwantar da kifin a kan kwali ka zagaye shi da biro ka fitar da siffarsa, a yanayin da kake so ya tsaya, ko a miƙe ko da ɗan lanƙwasa kamar yana iyo. Sai ka juya shi, kyakkyawar fuskar ta koma ƙasa a kan jiƙaƙƙen tawul, ɓangaren da zai jingina da bango yana kallonka. A nan zaka tsaga, layi ɗaya daga bayan murfin ƙaumi har gindin wutsiya, ka bi wannan zanen da yake ratsa tsakiyar jikin kifi. Fata kawai zaka yanka, kada wuƙar ta nutse. Daga nan ka ajiye mai kaifi ka ɗauki mai dakushi ko gindin cokali kana turawa tsakanin fata da tsoka a hankali, sama da ƙasa, in ka iso gindin fuffuke ka sa almakashi ta ciki ka datse ƙasusuwan yadda fuffuken zai zauna a jikin fata. Ka datse ƙashin baya a gindin wutsiya, ka ci gaba da ɓarewa ta ɗaya ɓangaren, ka sake datse shi a bayan kai, gangar jikin zata fito gaba ɗaya. Wannan a wanke a miƙa cikin gida, amma kafin nan ka ƙara auna ta don da ita zaka sassaƙa sabon jiki.

Abu biyu suke ɓata wa sabon shiga aiki a wannan wurin. Na farko lanƙwasa fata, kana ninke ta ɓawo zai fara tsalle yana fita, in ya fita kuma wurin tabo ne har abada, don haka kullum a shimfiɗe take, kai zaka zagaya teburin ba ita zaka juya ba. Na biyu barin ta ta bushe kana tsakiyar aiki, musamman fukafukai da wutsiya, lokacin hunturu cikin minti kaɗan sun ƙame sun fara tsagewa, ka ajiye ruwa kusa kana yayyafawa.

Yanzu sai kankara, kuma nan ne nake so ka zauna ka bada lokaci, don duk kifin da kaji yana wari a bango to a nan aka yi ha'inci. Da cokali zaka kankare duk wata tsoka da ta rage a cikin fatar, kana tafiya daga wutsiya zuwa kai a hankali, amma akwai wani siririn farin shafi mai sheƙi kamar azurfa a jikin fatar ta ciki, shi kada ka kankare shi, in ya tafi wurin baƙi zai yi. Gindin fukafukai da gindin wutsiya tsoka tana ɓuya sosai. Kai kuwa shine babban aiki, ka cire idanu, ta ramin idon ka zura ƙaramin cokali ko lanƙwasasshiyar waya ka kwashe tsokar kumatu tas, giwan ruwa yana da ita da yawa, ka cire ƙaumi, ka fasa ta ciki ka kwashe ƙwaƙwalwa, ka rage naman ƙasan harshe. Duk inda ka danna kaji taushi to akwai saura. Ni nakan yi awa biyu uku a kan babban kifi kuma ban taɓa nadamar lokacin ba.

In ka gama ka wanke fatar da ruwan sabulun wanke kwanuka don maiƙo ya fita, ka ɗauraye, sai ka jiƙa ta a ruwan boraks. Yadda ake haɗawa, kana zuba garin a ruwa mai ɗumi kana juyawa har sai ya daina narkewa ya fara kwanciya a ƙasa, ka bari ya huce, ka nutsar da fatar a roba mai faɗin da zata kwanta a miƙe, ta kwana ɗaya, babba kwana biyu. In kifin mai maiƙo ne sosai, jiƙa shi a sifirit da aka raba rabi da ruwa yafi, sai dai tsada, kuma ka nisanta shi da wuta. Wuraren da suke da kauri kamar leɓe da gindin wutsiya ana iya tsira musu sifirit da sirinji.

Fatar tana jiƙe kai kuma kana haɗa jiki. Farin kumfan nan da ake kare firij ko talabijin dashi a cikin kwali shi nake amfani dashi, a manna biyu ko uku da farin gam in kaurin bai kai ba, a ɗora zanen kwali a yanka, a sassaƙa da wuƙa ana gwadawa da awon da aka rubuta, a goge da samfefa. Kayi shi ya ɗan gaza ainihin jikin kaɗan, don in ya fi girma fatar ba zata haɗu ba, in ka ja da ƙarfi kuma ɓawo ya miƙe tsaye. Ta bayan ka fafe rami ka dasa guntun katako da gam, a nan sukurori zasu kama in kazo kafewa. Ka kula, gam mai warin fetur da fentin feshi suna narkar da kumfan nan, shi yasa nake cewa farin gam kawai, kuma yana da kyau ka lulluɓe jikin da takarda da gam shafi ɗaya ya bushe tukuna.

Wanda bashi da kumfa akwai tsohuwar hanya, a ɗinke fatar a bar ƙofa, a ɗura busasshen yashi mai laushi ko garin katako har ta cika ta ɗauki siffa, ana shafawa da hannu ana daidaitawa, in ta bushe ƙamas a zazzage yashin. Tana yi a ƙananan kifi, amma babba cikinsa yakan saki ya zama kamar buhu.

Ka fito da fatar ka tsane ta da tawul, ka barbaɗa busasshen boraks a cikin kai da gindin fukafukai, ka cike kumatu da ramukan kai da takardar da aka jiƙa aka dama da gam, ka shafa gam a jikin kumfan, sannan ka sanya masa fatar kamar riga. Fara daidaita layin baya da na ciki, fuffuken baya ya zauna daidai tsakiya, in ya karkace kowa zai gani ko daga nesa. Ka shafa da tafin hannu daga kai zuwa wutsiya iska ta fita, ka ɗinke tsagar ta baya ko ka kama da fil, ba sai ɗinkin yayi kyau ba tunda bango zai kalla. Kowane fuffuke ka buɗe shi kasa tsakanin kwali biyu ka matse da abin shanya kaya ko kilif, wutsiya ma haka. Baki ka tokare da guntun kumfa gwargwadon buɗewar da kake so, in tsage ne ai dole ka buɗe don haƙoran nan sune adonsa.

Shanya a inuwa inda iska take ratsawa, banda rana, banda kusa da murhu. Karfasa sati biyu ya ishe ta, babban giwan ruwa sai ya haura wata, da damina ma fiye. Hunturu yana busarwa da wuri amma yana iya tsaga fata, in iskar tayi ƙarfi ka shigar dashi ɗaki. Abokan gaba a wannan lokaci sune kyanwa, ɓera, tururuwa, ƙuda, da ƙwaron nan da yake cinye banda a kwando. Ka rataye shi ko ka ɗora a tebur ka zuba toka ko ruwa a gindin ƙafafun, ka rufe da tsohon gidan sauro. Satin farko kullum ka duba, inda fata ta ɗaga ka danna ka kafa fil. Ya bushe ne in ka ƙwanƙwasa kaji kamar ƙwarya, babu sanyi a hannu, babu wari.

Zaka ga ya koma ruwan ƙasa, kai ya ɗan shanye, kada hankalinka ya tashi haka yake yi. Inda ya lotsa ka cike da filar masu gyaran bodin mota, ka goge. Fukafukai ka manna musu siririyar takarda ta baya da farin gam don suyi ƙarfi, inda ya yage ma haka ake toshewa. Ido ana sayar da na gilashi a intanet gwargwadon awo, in baka samu ba ka mulmula fila daidai ramin, ka goge tayi sumul, ka zana, ka shafa jan farce marar kala sau uku. Idon giwan ruwa baƙi ne da zobe ruwan ɗorawa mai haske, ka duba hotonka. Ido shi yake sa a ga kifi kamar da rai, in ya karkace ko ya fito waje da yawa duk wahalar da kasha ba zata fito ba.

Fenti kuma kuskuren kowa shine yawa. Ka fara shafa banish siriri ya toshe fatar, sannan ka tsinka fentin da ruwa sosai kana bi shafi shafi yadda zanen ɓawon zai ci gaba da nunawa ta ƙasa. Ciki fari, gefe ruwan azurfa, baya ya fi duhu, kuma kada a ga layin inda wata kala ta tsaya wata ta fara. Giwan ruwa azurfa ne da ɗan shuɗi shuɗi a baya, tsage yana da baƙaƙen layuka a tsawon jiki da ja a wutsiya. In kana da haƙuri ka bi ɓawo ɗaya bayan ɗaya da ɗigon ruwan azurfa a bakin kowanne, aiki ne na kwana biyu amma bambancin a bayyane yake. A ƙarshe banish mai sheƙi sau biyu ko uku don ya zama kamar yanzu ya fito daga ruwa. Kafinta ya yanka maka allo mai kyau, a ɗaura sukurori ta baya su shiga katakon da ka dasa, a rubuta rana da wuri da nauyi da sunan wanda ya kama.

Su tarwaɗa da na ce, kai ake ajiyewa. Ƙoƙon kan tarwaɗa faranti ne na ƙashi mai zane mai kyau, ka sa shi a ruwan zafi da bai kai tafasa ba har naman ya saki, in ya tafasa ƙasusuwan rabuwa suke, ka tsince da burushin haƙori, ka jiƙa a ruwan sabulu kwanaki kana canzawa har maiƙo ya ƙare, sannan ka jiƙa a haidirojin na kemis yayi fari. Banda bilic, yana cin ƙashi ya mai dashi gari. Muƙamuƙin tsage ma haka, haƙorin da ya faɗo a mayar da gam.

Akwai kuma zubi, wanda a Amurka da Turai yanzu shi yafi yawa don masu kamun nishaɗi sukan auna kifi su ɗauki hoto su sake shi, a ƙera musu kwafinsa da fayiba. A gida ana binne rabin kifin a jiƙaƙƙen yashi, a shafa masa basilin kaɗan, a zuba POP na silin a kai, in ya kama a ɗaga a samu gurbi, a shimfiɗa fayiba da rezin a ciki. Irin kifin Argungu, kamar wanda yazo na ɗaya a gasar kamun kifi a kogin Matan Fada a 2020 mai kilo 78, a ganina wannan hanyar ce tafi dacewa dashi don fata mai girman nan wahalar bushewa gare ta. Sai dai wasu malamai suna ɗaukar zubi a matsayin mutum-mutumi, ka tambayi malaminka kafin ka shiga.

Hanya mafi sauƙi kuwa ta masuntan Japan ce, giyotaku, wadda suke yi tun ƙarni na 19, kuma ita nake so kowane masunci ya sani don ba ta cin ko sisi. Ka wanke yauƙi, ka tsane kifin sosai, ka toshe ƙaumi da auduga don ruwa kada ya fito, ka buɗe fukafukai ka tallafe su da kwali, ka shafa tawada siririya daga kai zuwa wutsiya amma ka tsallake ido, tawadar allo ta ƙaro tana yi. Ka ɗora farin yadi ko takarda mai laushi ka bi da yatsu kana dannawa ko'ina ba tare da ya goce ba, ka ɗaga a hankali, zaka ga kifin da ainihin girmansa, kowane ɓawo ya fito. Ido da hannu ake zanawa daga baya. Ka wanke kifin tas ka dafa abinka, yadin kuma a sa a firem bayan gilashi don tawadar bata son ruwa.

Ƙananan kifi na makaranta ko nazari a kwalba ake sa su, irin yadda masu bincike suke yi a jami'o'i da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, kashi ɗaya na fomalin da kashi tara na ruwa, a ɗan tsaga ciki ta dama don ya shiga, sati ɗaya, a ɗauraye sosai a mayar cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, a rubuta bayani da fensir a jefa ciki. Fomalin guba ne kuma yana cikin abubuwan da suke jawo kansa, safar hannu da takunkumi dole, a waje ake aikin, a kulle shi inda yara basa kaiwa, kuma kifin da ya taɓa shi ya haramta wa tukunya.

Inda zaka rataye kifin naka ma ka duba, bangon da rana bata dukansa, nesa da hayaƙin kicin, ba kuma bangon da yake tsotsar ruwa da damina ba. Ƙurar hunturu ka share da busasshen burushi mai laushi daga kai zuwa wutsiya, banda jiƙaƙƙen tsumma. In a akwatin gilashi yake ka jefa kafur biyu a kusurwa kana canzawa, kuma duk wata ka leƙa ƙasansa, in kaga wani gari gari yana zubowa to ƙwaro ya shiga, ka sauke shi ka sa a leda ka ɗaure ka bar shi a firiza sati ɗaya, sannan ka ƙara barbaɗa boraks ta baki da ta ƙaumi kafin ka mayar.